Takobin Da Ba Na Kakanmu Ba

A unguwarmu ta Bani Harisa, a Madina, idan aka ce "mai takubba" ni ake nufi, kuma ba don yabo aka laƙaba mini ba. Matan da muke haɗuwa shan gahawa ranar Alhamis su suka fara, suna dariya ƙasa-ƙasa, har sunan ya bi bakin yara. Ban taɓa hana kowa ba. Takubban dai ina da su, guda huɗu, duk ƙirar mutanen Japan na dauri, suna kwance a wata durowa a ɗakin da ya kamata ya zama na baƙi. Wanda zan ba da labarinsa shi ne na farkonsu, gajere, tsawonsa bai wuce kamu guda da ɗan ɗori ba.

Aikina har na yi ritaya shi ne ɗaukar hoton ƙashi a asibiti. Wanda ya daɗe a wannan aiki idonsa yakan saba da fari da toka-toka. Inda wani zai ga inuwa ɗaya, shi yana ganin inuwa a cikin inuwa, kuma a can tsagewar ƙashin take ɓuya. Ban san wannan ido zai yi mini wani amfani a waje da asibiti ba.

Maigidana ma'aikaci ne a matatar ruwan teku da ke shayar da Madina. Wata shekara aka tura shi Japan samun horo na wasu watanni. Yaranmu sun riga sun tasa, sai na ɗauki hutu na bi shi. Garin da aka ajiye mu ƙarami ne, a bakin kogi, kuma ruwan sama ba ya gajiya a can. Shi yana fita tun safe, ni ina zaune a ɗaki kamar kazar da aka ɗaure. Da zaman ya ishe ni na fara yawo ni kaɗai, da abayata da lema. Ran nan ruwa ya tsuge mini a hanya, na faɗa wani gini don in fake. Ashe gidan ajiye tsoffin takubba ne.

Na zaga ina kallo ba tare da na san abin da nake kallo ba. A can ƙurya akwai wani tsoho zaune a ƙasa, ya take wani katako da ƙafa, yana goga takobi a kan dutse, yana yayyafa ruwa. Na tsaya a kansa har ruwan saman ya ɗauke. Washegari na koma, jibi ma haka. Bai taɓa ɗaga kai ba sai a mako na biyu, ya yi wa 'yarsa magana. Ita ce ke kula da ƙofa, mace ce sa'ata, tana jin Turanci daidai gwargwado, ni kuma ina da nawa Turancin na asibiti. Ta ce, "Babana ya ce idan kallo kike so, ki shigo ki kalla da kyau."

Suka kai ni wani ɗaki mai tabarma. Tsohon ya ɗauko gajeren takobi a cikin kuben farin katako, babu ado ko ɗaya, ya ajiye a gabana. 'Yar ta ce al'adarsu ce kafin a zare takobi a sunkuyar masa da kai, girmamawa ga wanda ya ƙera shi.

Na ce, "Gaya wa baba ya yi haƙuri. Goshina Mai shi ɗaya ne, ba na sunkuyar da shi ga ƙarfe."

Ta fassara masa. Na riga na fara tattara jakata, don na ɗauka kora ce za ta biyo baya. Tsohon ya dube ni, ya tambaya, to mu me muke yi idan muka ga aikin da ya burge mu? Na ce muna cewa Masha Allah, wato mai aikin ya iya, amma Wanda ya ba shi hannun ya fi shi. Ya gyaɗa kai ya ce in faɗi nawa, shi zai yi nasa. Haka muka yi. Ya sunkuya, na ce Masha Allah, ya zare.

Ya nuna mini yadda ake riƙewa da ƙyalle, ba a taɓa ƙarfen da yatsa, ba a magana a kansa don kada tururin baki ya sauka. Ya sa na miƙa shi wajen ƙwan lantarki ina karkatawa a hankali. Da farko walƙiya kawai nake gani. Can sai idona ya kama, kamar yadda yake kama tsagewa a hoton ƙashi. A gefen kaifin, tun daga gindi har tsini, akwai wani farin zane a cikin ƙarfen kansa, ba a samansa ba, yana tashi yana sauka, kawuna-kawuna a jere, wani ya ɗara wani. A bayansa kuma jikin ƙarfen yana da jijiyoyi kamar na icen da aka fere.

Da na mayar masa, ya tambaya me na gani. Ban san sunan abin da Turanci ba. Na buɗe jaka na ɗauko ƙullin kanumfarin da nake yawo da shi saboda shayi, na zuba 'yan ƙwayoyi a tafin hannuna na nuna masa kawunansu. Tsohon nan ya yi dariya har da buga cinya. 'Yar ta ce ai sunan wannan zane ke nan a wurinsu, kan kanumfari.

Shi ya bayyana mini yadda ake samunsa. Maƙeri yakan ninke ƙarfe ya buga, ya sake ninkewa ya buga, har dattin ya fita. Sannan ya shafe shi da yumɓu, mai kauri a baya, siriri a wajen kaifi, ya sa a wuta. Ba shi da ma'aunin zafi sai idonsa. Idan launin ya kai inda yake so, sai ya tsoma a ruwa. A wannan tsomawar zanen ke fitowa, a nan kuma aikin makonni yake iya tsagewa ya tashi a banza. Kowane gidan maƙera da irin zanensa, har masana kan gane mai aikin ba tare da sun ga sunansa ba.

Sai tsohon ya tura wani ɗan tsinken gora ya fita, ya zame ƙotar. Wutsiyar ƙarfen da ke ɓoye a ciki baƙa ce wuluk da tsatsa, ga rubutu an sassaƙa a jikinta. Ya ce wannan tsatsa ba a taɓa ta har abada, ita ce shaidar shekarunsa, launinta ke faɗin zamanin da aka yi shi. Rubutun kuwa sunan maƙerin ne da garinsu. Ba shahararre ba ne. Ɗa ne ga maƙeri, jika ga maƙeri, ya yi aiki a zamanin yaƙe-yaƙe fiye da shekara ɗari huɗu da suka wuce, kuma daga baya ambaliya ta share garin nasu da maƙerunsa. Ba a san kabarinsa ba, ba a san kamanninsa ba. Abin da ya rage nasa a duniya shi ne irin wannan.

Ina zaune a kan tabarmar nan sai kakana ya faɗo mini, mahaifin Innarmu. Maƙeri ne shi ma. Daga ƙasar Damagaram ya taso a ƙafa, ya ratsa Cadi da Sudan yana ƙira yana ci, har ya iso Madina ya kafa maƙera. Lauje yake yi wa manoman dabino, da wuƙaƙe, da ƙusoshin ƙofa. Bai taɓa sa sunansa a jikin komai ba, kuma ko tsinke nasa bai rage a gidanmu ba.

Awarwarona na zinariya na sayar, na sayi takobin a hannun tsohon. Takardun izini, na can da na nan, sun ɗauki watanni bayan dawowarmu, maigidana yana ta zirga-zirga yana mita. Ranar da akwatin ya iso na shimfiɗa farin ƙyalle a ɗakin baƙi, na rufe ƙofa, na zauna da shi har aka kira azahar. Tun daga nan nake karatu a kansu. Na koyi gane haruffan sunayen maƙera da ƙyar da jiɓin goshi, da gilashi a hanci, ina kwafa kamar 'yar makarantar allo. Lokaci zuwa lokaci nakan share tsohon mai in shafa sabo, mai ƙanshin kanumfari shi ma. Busasshiyar iskar Madina ta karɓe shi, ko ɗigon tsatsa bai yi ba.

Wanda bai karɓe shi ba shi ne Yaya, babban wanmu. Tun rasuwar mahaifinmu shi ne uba a gidan. Mutum ne mai tsafta da kamun kai, ya yi aikin ofis har ya yi ritaya, kuma duk rayuwarsa yana gudun kalma ɗaya, Takari, sunan raini da ake kiran irinmu da kakanninmu suka zo daga Afirka. Ya sha ta a makaranta, ya sha ta a wurin aiki. Saboda haka ba ya Hausa a waje, ko a gida ka yi masa Hausa da Larabci zai amsa. Zancen maƙerar kakanmu kuwa ba a yinsa a gabansa. Da ya ji abin da na sayo, cewa ya yi kayan masu bautar gumaka na shigo da shi garin Manzo. Na ce masa ƙarfe ba ya da addini, kuma agogon hannunsa ma daga can ya zo. Bai sake tayar da maganar ba, shekaru suka shuɗe.

Sai babban ɗansa ya samu mata, 'yar wasu Larabawa masu gonakin dabino a Badar. Gida ne mai asali, irin waɗanda ke lissafa kakanni har su gaji. Ana saura 'yan makonni biki, Yaya ya zo gidana da hantsi. Da Hausa ya yi sallama, da Hausa ya tambayi yara. Nan na san da magana.

Ya sha gahawa ya ajiye finjali. Ya ce, "Ƙanwata, abin nan naki nake so ki ara mini. Yini ɗaya."

"Wane abu, Yaya?"

"Takobin. Mutanen nan za su yi rawar takobi a gona. Kowannensu zai fito da na kakansa. Ɗana zai tsaya a tsakiyarsu da na haya, irin na gwangwani? Su suna da abin nunawa. Mu me muke da shi?"

Wallahi ya ba ni tausayi, don na san inda ke masa ciwo. Amma na ce, "Yaya, wannan ba na rawa ba ne. Kaifinsa yana aske gashi. Gumin hannu kaɗai yana ɓata shi. Ka nemi duk abin da ke gidan nan, tun daga darduma har motar maigidana, amma ban da shi."

"Ya'ani ƙarfe ya fi ɗan ɗan'uwanki?"

"Ban ce ya fi shi ba. Na ce ba zan bayar ba."

Ya miƙe, ya koma Larabci, ya ce halas, wato shi ke nan, ya gode. Ya fita.

A makon ne Inna ta faɗi a banɗaki ta goce ƙugu. Na tattara na koma gidanta jinya, ban sake kwana a ɗakina ba sai bayan biki. Abin da ban sani ba shi ne Yaya ya koma gidana, ya samu maigidana shi kaɗai. Maigidana mutumin kirki ne, amma ba ya iya kallon idon suruki ya ce a'a. Ya buɗe durowa ya ba shi, a kan za a dawo da shi kafin in lura.

Ranar walima muka tafi Badar, Inna a keken marasa lafiya. An kafa rumfuna biyu a gonar, ta maza a fili wajen rijiya, ta mata a bayan wani dogon shinge na ganyen dabino. Bayan la'asar ganguna suka tashi daga ɓangaren maza. 'Yan mata suka taru a kan waya suna kallon abin da 'yan'uwansu ke turo musu daga can. Wata 'yar ƙanwata ta miƙo mini tana cewa, "Khala, dubi ango, dubi saifinsa!"

Na duba. Ango ne a tsakiyar sahu, yana juyi, a hannunsa wani gajeren takobi mai ƙota ruwan zinariya da tuntaye ja. Ƙotar ban san ta ba. Amma da ya ɗaga shi rana ta bugi ƙarfen, na ga lanƙwasarsa, na ga farin zanen nan a gefen kaifi. Ko a cikin dubu zan gane shi. Ina kallo wani saurayi ya karɓa, ya kama ƙarfen da tafin hannu yana gwada wa na kusa da shi.

Ban yi shawara da kowa ba. Na miƙe, na gyara abaya, na ja mayafi, na ɗauki wani farin tawul daga kan tire. Matar Yaya ta riƙe mini hannu.

"Ina za ki?"

"Ɗauko kayana."

"Aibu ne! Wajen maza ne fa!"

Na ce, "Na gani," na zame hannuna.

Tsakanin shingen da rumfar maza akwai 'yar tafiya a kan rairayi. Na bi ta ban tsaya ba. Masu ganga na gefe su suka fara ganina, hannunsu ya yi sanyi, kiɗan ya rinƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Sahu ya dare. Na wuce kai tsaye wurin angon, wanda takobin ya dawo hannunsa. Yaro ne da na yi wa wanka yana jariri.

Na shimfiɗa tawul a hannuwana biyu na ce, "Ɗana, Allah ya sanya albarka. Ɗora mini shi a nan. A hankali, kaifin ya kalli wajenka."

Ya dubi babansa, ya dube ni, ya ɗora.

Yaya ya iso, fuskarsa ta yi baƙi. Ya yi ƙasa da murya, da Hausa don kada baƙi su ji. "Ke, kin haukace? Koma ciki. Za mu yi magana a gida."

Kafin in amsa, mahaifin amarya ya matso, wani dattijo mai farin gemu da sanda. Ya yi magana cikin ladabi, idonsa a ƙasa. Ya ce, "'Yar'uwa, lafiya? Ɗan'uwanki ya gaya mana wannan takobin kakanku ne, wanda ya yi sarauta a ƙasarku, da shi ya zo. Mun girmama shi. In an yi kuskure a gaya mana."

Sai a lokacin na gane abin da aka yi. Na dubi Yaya. Idonsa yana roƙona. Da na yi shiru, da maganar ta wuce, da har yau ana ba jikoki labarin sarkin da ba a taɓa yi ba. Na amsa da Larabci, da muryar da kowa zai ji.

Na ce, "Ya ammi, wannan takobi nawa ne, ni na sayo shi. Wani maƙeri ne a Japan ya ƙera shi, sunansa yana jiki. Kakanmu bai yi sarauta ba. Maƙeri ne shi ma, a ƙafa ya zo garin Manzo, lauje yake yi wa masu dabino irinku. Da hannunsa ya ci, bai roƙi kowa ba. Ni ban ga abin ɓoyewa a nan ba."

Dattijon ya ce, "Allah ya jiƙansa." Wasu suka amsa da amin. Na juya da takobina a kan tawul, na bi ta inda na fito. Ban koma rumfar mata ba. Na wuce wurin motoci na tsaya, har maigidana ya zo da kuben katakon da tsohuwar ƙotar, waɗanda ya karɓo daga motar Yaya. Ya buɗe mini ƙofa.

Mun yi nisa a hanyar Madina kafin ya yi magana. Ya ce, "Na yi kuskure, uwar yara."

Na ce, "Ka yi."

"Amma da kin bari an watse."

"Da an watse da yatsun wani a ƙasa. Kuma da ƙarya ta zauna."

Ya mai da ido kan hanya. Ni kuma hankalina yana kan abin da ke kan cinyata.

A gida na kwance ƙotar zinariyar, wadda ashe fenti ce. Abin da na tarar ya fi abin da nake tsoro. Yaya ya ga farin katakon bai yi kama da na sarauta ba, sai ya kai shi wani shago a Aziziya inda ake gyaran wuƙaƙe da takubban ado. Mai shagon ya yi abin da aka sa shi. Wutsiyar ba ta shiga sabuwar ƙota ba, sai ya sa ta a inji ya rage ta. Baƙar tsatsar nan ta shekara ɗari huɗu ta tafi, wurin ya yi fari fat kamar cokali. Haruffan garin maƙerin suna nan, da harafin farko na sunansa. Sauran injin ya cinye. A jikin ƙarfen kuma ga shatar yatsu har sun fara ja, ga wata 'yar ɓalla a kaifi inda aka buga shi da wani takobin.

Ban yi kuka a Badar ba, amma a nan na yi. Maƙerin nan ambaliya ta ci garinsa, yaƙe-yaƙe sun wuce ta kansa, sunansa ya tsira. Sai a hannuna, a cikin amanata, aka goge rabinsa saboda rawar yini ɗaya.

Washegari na koma wurin Inna. Tana kwance, ta juya fuska bango. Ta ce, "Kin kunyata yayanki a gaban surukai."

Na ce, "Inna, shi fa ya canza miki uba da wani."

Ta juyo ta dube ni. Can ta ce in tayar da ita zaune. Sai ta fara ba ni labarin da ban taɓa ji ba, yadda tana ƙarama take yi masa zuga, don ba shi da ɗa namiji a lokacin. Ta nuna mini wani tabo a damtsenta inda tartsatsi ya taɓa sauka. Ta ce idan ya gama lauje yakan gwada shi a gashin hannunsa, in bai aske ba ya mayar wuta, ko mai shi yana tsaye yana jira. Ta ce, "Taurin kan nan naki, nasa ne. Ban ce kin kyauta ba. Amma nasa ne."

Na rubuta wa 'yar tsohon nan na Japan, na tura mata hotuna, ban rage komai ba. Ta amsa cewa mahaifinta ya tsufa ƙwarai, hannunsa ya daina aiki, amma ya ga hotunan. Ya ce shatar yatsu da ɓallar za su gyaru, almajirinsa zai yi. Wutsiyar kuwa babu mai mayar da ita. Akwai masu shafa magani ta yi baƙi kamar ta da, amma shi bai ba ni shawarar haka ba. Ni ma ban so ba. Na ce a bar ta yadda take, duk wanda ya riƙe shi bayana ya ga abin da ya same shi.

Aka sake bin takardu, takobin ya tafi. Ya fi shekara a can, don masu wannan aiki ba sa gaggawa kuma layi gare su. Kafin ya dawo tsohon ya rasu. Da ya iso, ƙarfen ya ɗan rame kaɗan, kamar wanda ya tashi daga jinya, amma zanen ya fito fiye da da. Cikakken sunan maƙerin yana kaina, na kuma koya wa 'yata yadda ake rubuta shi. Masu saye da sayarwa sun ce darajarsa ta faɗi. Na ce su suka sani, ni ban kai shi kasuwa ba.

Auren bai mutu ba, ko da yake an yi ta tsorata ni da haka. Amaryar ma takan zo gidana, yanzu da 'ya'yanta biyu. Matan unguwa sun ci naman maganar wata da watanni, wasu suka daina gayyatata, wasu kuma da ba mu saba ba suka fara. A cikin shekarun da suka biyo baya na ƙara takubba uku, ɗaya ma ba shi da suna ko kaɗan, sai dai a yi hasashen gidan da ya fito daga irin zanensa. Durowar na sa mata sabon makulli, yana cikin jakata. Maigidana bai taɓa tambayar inda yake ba.

Yaya ya yi kusan shekara biyu ba ya yi mini magana. Ranar Idi in na gaishe shi sai ya amsa wa bango. Rasuwar Inna ce ta sa muka zauna a ɗaki ɗaya, ya miƙo mini ruwa, na karɓa. Daga nan muka koma gaisawa. Bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, ni ma ban taɓa ba shi haƙuri ba, kuma ba na shirin yi. Wasu daga cikin dangi har gobe suna cewa da na duba girmansa. Na duba. Shi ya sa na yi masa magana a ɗakina tun farko, da ƙofa a rufe, na ce a'a. Wanda bai ji a'a a ɗaki ba, zai ji ta a fili.

Bana ɗansa na biyu zai yi aure. Matar Yaya ta kira ni tana ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ta ce suna son aron manyan tirena da butocin gahawa da dardumar falo. Na ce a turo mota, na haɗa har da abin da ba ta tambaya ba. Sai ta ce Yaya ya ce a tambaye ni ko zan zo.

Na ce, "Gaya masa zan zo da wuri, in taya ki aiki. Kuma ya kwantar da hankalinsa, a rumfar mata zan zauna, muddin babu kayana a ɗaya rumfar."

Na ji ta rufe bakin wayar da hannu tana maimaita masa. Ban ji abin da ya ce ba. Motar dai ta zo da la'asar ta kwashi kayan.